Balansiya, ƙasar lemu da shinkafa da aya a bakin Bahar Rum

Masu kallon La Liga sun san garin da sunan Valencia, Larabawa kuma Balansiya suke ce masa. Yana gabashin Sifaniya, kuma gonakin da suka kewaye shi na cikin mafi albarka a Turai.

Ance ruwan sama bai da yawa a can. To da me suke noma?

Da ban ruwa. Ruwan da ke sauka a garin bai cika kai milimita 500 a shekara ba, bai ma kai na Kano ba, kuma lokacin zafi, da shuka ta fi bukata, kusan ba ya sauka. Abin da ya rufa musu asiri shi ne kogin Turiya, wanda aka yanka wa manyan magudanai guda takwas, kowacce ta rarrabu ƙanana har bakin gona. Musulmin Andalus ne suka faɗaɗa wannan tsari. Da Sarki Jaime na Ɗaya na Aragon ya ci garin a 1238, bai taɓa shi ba, sai ma ya yi umarni a ci gaba da rabon ruwa yadda aka saba a zamanin Musulmi. Wannan ban ruwa ne ya sa manomi zai cire albasa ko dankalin turawa, ya juya ƙasa, ya zuba wata shukar a shekarar.

Idan wani ya saci ruwan maƙwabcinsa fa?

Nan ne abin ya fi burge ni. Kowace Alhamis da ƙarfe 12 na rana, manoma takwas sanye da baƙaƙen riguna kan zauna a kan kujeru a ƙofar babban cocin garin, kowanne na wakiltar magudana ɗaya, kuma manoman magudanar ne suka zaɓe shi. Mai gadin magudana zai kira wanda ake tuhuma, misali wanda ya buɗe ruwa ba ranarsa ba, ko ya bar ruwa ya malale gonar wani. Ba lauya, ba takarda. A saurari kowa da baki, a yanke hukunci nan take, kuma babu ɗaukaka ƙara. Dokar Sifaniya ta amince da wannan kotu, UNESCO ma ta sa ta cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye a 2009. Yau ƙararraki sun yi ƙaranci, wata Alhamis ɗin 'yan yawon buɗe ido sun fi masu ƙara yawa, amma har yanzu ana zama.

Da gaske ne suna shan kunun aya?

Ƙwarai kuwa, orchata suke kiransa, kuma shi ne abin shan garin lokacin zafi. A jiƙa busasshiyar aya, a markaɗa, a tace, a sa sukari, a sha da sanyi. Ba su cika sa dabino da kwakwa irin namu ba. Sukan haɗa shi da wani dogon burodi mai zaƙi da ake tsomawa a ciki.

Ana noman ayar a ƙasa mai yashi da ke arewa da garin, musamman garin Alboraya. A shuka a Afrilu ko Mayu, a tone daga Nuwamba, a wanke, sannan a baza a ɗakuna masu iska ana juyawa kusan wata uku har ta yamutse zaƙinta ya fito. Ayar yankin na da tambarinta na hukuma, wanda ba a yarda a manna wa ta wani wuri ba. Sai dai abin da suke nomawa bai isar su, don haka suke sayowa daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Manomin aya a Maraɗi na iya zama shi ya noma abin da ke cikin kofin wani Bature, amma ribar sarrafawa da ta tambari can take tsayawa.

Shinkafar fa?

Kudu da garin akwai tafkin Albufera, gefensa duk fadamar shinkafa ce. Irin da suke nomawa gajere ne mai ƙiba, kamar bomba da seniya, mai shanye romo. Da shi ake dafa paella, abincin da ya yi wa Sifaniya suna. Ta asali abincin manoma ce: kaza, zomo, koren wake, farin wake mai faɗi, tumatir, man zaitun da za'afaran, wasu su ƙara dodon koɗi. A faffaɗan kasko ake yi a kan itace, kuma da an zuba shinkafa ba a ƙara juyawa, don ƙasan ya kama. Wannan ƙanzon shi ake rububi a kai. Wanda ya sa jatan lande ya ce ta Balansiya ce, zai sha musu.

Lemu kuma?

Shi ne mai kawo kuɗi. Tun ƙarshen ƙarni na 18 aka fara gonakinsa na kasuwa a garin Karkasent da ke kudu da Balansiya, yau kuma Sifaniya na sahun gaba a duniya wajen fitar da 'ya'yan lemu, kaso mai tsoka daga wannan yanki. Manoman dai na kuka da lemun Masar da Afirka ta Kudu, wanda ke karya musu farashi har wata shekarar a bar 'ya'ya su ruɓe a bishiya.

Me ya fi yi wa wannan noma barazana?

Gine-gine sun cinye gonaki da yawa, matasa kuma ba sa son gadon fartanya. Sai ruwan kansa. Bayan ambaliyar 1957 aka karkatar da kogin Turiya daga tsakiyar gari, tsohuwar hanyarsa ta zama wurin shaƙatawa. A ranar 29 ga Oktoba 2024 aka sake tafka wani ruwan, wanda ya kashe mutum fiye da 200 a garuruwan kudu da yammacin birnin irin su Paiporta, ya lalata gonakin lemu da magudanai, ya kwashi laka da tarkace ya zuba a tafkin Albufera.