Rubutun zinare mai tudu a katin gaisuwa: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya riƙe katin barka da sallah ko na suna da aka yi da hannu, ya shafa ya ji rubutun ya ɗan taso yana ƙyalli, sai ya yi tambaya. Ga waɗanda aka fi yi min, da abin da nake amsawa.

Wai wannan rubutun fenti ne ko inji ne ya buga shi?

Babu ko ɗaya. Hoda ce ta roba da aka niƙe lilis, masu sayarwa na ce mata hodar embosin, in ta ji zafi sai ta narke ta haɗe jikinta. Za ki shafa wa sitam tawada, ki danna a kan kati, tun kafin tawadar ta bushe ki barbaɗa hodar ta rufe zanen gaba ɗaya, ki ɗaga katin ki karkaɗe rarar a kan wata takarda ki mayar cikin kwalba, abin da ya manne a jikin tawadar shi za ki hura wa zafi. Shikenan fa. Sauran duk iya hannu ne.

Anti, sitam ɗin irin na ofis ne da ake buga wa rasit?

Danginsu ɗaya. Tun bayan da Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar gasa roba ta yi ƙarfi a 1844, ba a jima ba aka fara yin sitam na roba a Amurka a shekarun 1860, na kasuwanci da ofisoshi, daga baya masu aikin hannu a can da Ingila suka mayar da shi kayan ado. Yau iri biyu za ki fi gani. Akwai jar roba da aka manna a katako, ita tana fitar da ƙananan zane tas kuma tana daɗewa, matsalarta ba kya ganin inda kike dannawa. Akwai kuma mai garai-garai kaman gilashi da ake liƙa wa a jikin wani ɗan bulo mai haske, ki gama ki ɓare ki liƙa wani. Mai koyo ni wannan nake ce mata ta saya, don tana ganin layinta, rubutu ba zai karkace ba. In sabo ne ki ɗan goge fuskarsa da kilina tukuna, in ba haka ba tawada sai ta riƙa taruwa ɗigo-ɗigo ta ƙi kama shi.

Kuma don Allah in kin danna kar ki jujjuya hannu. Danna, ɗan tsaya, ɗaga sama kai tsaye.

Na gwada da tawadar sitam ta shagon littattafai, hodar ta zube duka. Me ya faru?

To nan ne fa maganar take, kuma nan mutane suka fi asarar kuɗi. Waccan tawadar an yi ta ne don ta shige takarda ta bushe nan take, kafin ki buɗe kwalbar hoda ta gama bushewa, to hodar me za ta kama? Abin da ake so tawada ce mai danƙo mai jinkirin bushewa. Wadda ta fi shahara ita ce VersaMark ta kamfanin Tsukineko na Japan, ba ta da kala, in kin buga sai ki ga kaman sawun jiƙa kawai a kan katin, kalar daga hodar take fitowa, zinare ko azurfa ko fari. Akwai kuma tawada mai kala mai kauri wadda ita ma tana jimawa a jiƙe, ita sai ki zuba mata hoda marar kala, in ta narke kalar tawadar ta fito tana sheƙi.

In ba ki samu ko ɗaya ba, gilisirin ɗin nan da ake saya a kemis lokacin hunturu yana yi. Ki ɗiga kaɗan a soso mai laushi ki riƙa dangwala sitam a kai. Ba zai fitar da siririn rubutu tsaf kaman na kamfani ba, gaskiya, amma ga fure ko manyan haruffa ya wadatar, kuma da ki kashe kuɗinki a kwalaben hoda kala goma gara ki fara mallakar tawada ɗaya mai kyau.

Dirayar gashi za ta yi?

A'a. Iskarta ta yi yawa, zafinta ya yi kaɗan, za ta watsa miki hodar a ɗaki ne kawai. Akwai 'yar na'urar hura zafi ta masu wannan aikin, iska kaɗan zafi sosai. Amma ki duba jikinta kafin ki biya, musamman in oda za ki yi daga waje: ta Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin volt 110 zuwa 120, tamu a Najeriya da Nijar 220 zuwa 240 ce, kina jonawa za ta ƙone. Ki nemi wadda aka yi wa Ingila ko Turai.

Kafin ki saya, dutsen guga na lantarki ma yana fidda mutum kunya. Ki juya shi fuskarsa na kallon sama, ki riƙe katin a samansa, bayan katin ne zai kalli zafin, hodar tana sama. Yana ɗaukar lokaci amma tana narkewa. Kar dai ki kai shi kan harshen wuta, takarda ce.

Ta yaya zan san ta yi?

Da ido, ba da agogo ba. Ki kunna na'urar ta yi zafi tukuna kafin ki kai ta kan katin, ki riƙe katin da hantsaki saboda yatsunki. Da farko hodar za ta zauna garas-garas kaman yashi, can sai ki ga gefe ɗaya ya canza ya fara sheƙi, sheƙin yana bin layin zanen yana tafiya, ke kuma sai ki bi shi da hannu, inda ya narke ki wuce kar ki koma. In kika tsaya wuri ɗaya kina jiran ya ƙara kyau, robar za ta nutse cikin takardar, tudun ya baje, ƙyallin ya mutu, wani lokacin har gefen katin ya yi ja. In kin gama ki karkata katin wajen haske, duk inda kika ga bai sheƙi ba ki ɗan ƙara masa. Sannan ki ba shi 'yan sakanni ya huce kafin ki taɓa.

Katin da ke lanƙwashewa kuwa yawanci siriri ne. Ki nemi kwali mai kauri, irin wanda masu sayarwa ke ce wa giram 250 zuwa 300, ki riƙa ba shi zafi ta gaba da ta baya.

Me ya sa nawa yake fitowa da ɗigo-ɗigon zinare a inda ban buga komai ba?

Maiƙon yatsa ne, da kuma wannan ɗan maganaɗisun da takarda ke yi in iska ta bushe, shi ya sa a hunturu abin ya fi damun mutum. Ki ƙulla hodar jarirai ko garin sitaci a ɗan ƙyalle ki shafe katin kafin ki buga, in kin zuba hoda kuma ki bi da ƙaramin buroshi busasshe ki share waɗanda suka ɓata hanya. Da damina matsalar daban ce, hodar ke dunƙulewa, sai ki riƙa rufe kwalbar da kyau.

Duk sitam ɗin da nake gani da Turanci ne, ina zan samu na Barka da Sallah?

Na waje ba za ki samu ƙ da ɗ da ɓ a ciki ba. Ki je wajen masu yi wa ofisoshi da makarantu sitam ki ba su rubutunki, ki ce kina son haruffa masu ɗan kauri da tazara, don hoda tana cike ƙananan ramuka. In kuma da kanki za ki sassaƙa a jikin babban kilina, ki tuna rubutun a juye ake yin sa, ki duba a madubi kafin ki sa wuƙa.

Zan iya yin katin biki guda 300 da wannan?

Za ki iya, amma ban ba ki shawara ba. Masu ɗab'i suna da injin da ke yin wannan aikin da hoda da zafi a jere, da shi ake buga katunan gayyata masu rubutu mai tudu, kuma kuɗin zai fi miki sauƙi. Na hannu ki bar shi ga katin iyaye, na ƙawayen amarya, na malamin yara, irin waɗanda ba su wuce 20 ko 30 ba. Ko su ma ki yanka kwali fiye da adadin da kike so, don dole wasu su karkace.