Uwa ta koma aiki: kuɗin ciyar da yara ya sauka daga kan uba ke nan?

Wata maƙwabciyarmu a Tudun Wadar Kaduna, shekara biyu da mutuwar aurenta, yara biyu a hannunta, ta samu aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi. Ko albashin farko ba ta ɗauka ba sai ga saƙon tsohon mijinta a WhatsApp: "Maman Abba, tunda yanzu ke ma kina da albashi, dubu 20 ɗin nan zan mayar da ita dubu 10." Ta shigo gidanmu da wayar a hannu, mayafi a karkace, tana tambaya: "Yaya, wai haka doka ta ce?"

Ba haka ta ce ba.

Auren Musulmi da abin da ke biyo bayan mutuwarsa, kotun shari'ar Musulunci ce ke duba su, irin wadda ke Magajin Gari ko ta Rigasa, kuma da fiƙihun Malikiyya ake hukunci. A wannan mazhaba ci da sha da sutura da wurin kwanan yaro duk a wuyan uba suke. Namiji har ya balaga yana iya neman na kansa, mace har ta yi aure ta tare. Ko uwar darakta ce a ma'aikata, albashinta nata ne. In ta saya wa ɗanta takalmi ko ta biya kuɗin makaranta, alheri ta yi, ba nauyin uban ta ɗauke ba.

Aljihun da alƙali yake dubawa na uba ne. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai wadata ya ciyar daga wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Saboda haka komawar uba bakin aiki ita ce ke motsa lissafi. A ce an yanke masa naira 10,000 a wata lokacin da aka sallame shi daga aiki yana buga-buga da Keke Napep ɗin haya, yanzu kuma ya samu aikin gwamnati. Uwar yaran tana da damar komawa kotun da ta yi hukuncin ta nemi ƙari. Hujjarta ma ba albashinsa kaɗai ba ne: kuɗin da aka yanke kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba ya sayen abin da yake saye a da, duk mai zuwa cefane Kasuwar Bacci ya san wannan. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ma ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024.

Inda mata da yawa ke yin asara shi ne batun bashin baya. A Malikiyya, ciyarwar yaro ta watannin da suka wuce tana faɗuwa, sai fa in alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, uban kuma yana da hali a lokacin. Wadda ta yi shekara uku tana haƙuri, tana cewa "ai don 'ya'yana nake yi", ba takardar kotu, ba shaida, ranar da ya samu aiki ta zo neman na baya, da wuya ta samu yadda take so. Ni dai shawarata ga kowace mace a nan ita ce, ko sulhu aka yi a zauren mai unguwa, a kai shi gaban alƙali a rubuta. Kunyar surukai ba ta biyan kuɗin makaranta.

Shi ma uban, in aikinsa ya tsaya, ba shi zai rage wa kansa ba. Hukuncin yana nan daram sai kotu ta sauya shi. Ya tafi da takardar sallama ya nemi sassauci.

Akwai barazanar da ake yawan yi: "Tunda kin fara fita aiki, ki ba ni 'ya'yana." Fita aiki kaɗai ba ta ƙwace riƙo. Abin da ake tambaya shi ne ko yaran suna samun kulawa da tsaro, wa ke tare da su in ta fita. Ko sabon aure ta yi riƙon ya faɗi daga hannunta, mahaifiyarta ce ke gaba a layi, ba uban ba.

Ga waɗanda suka yi auren rajista, labarin ya ɗan bambanta. Babbar Kotu ce ke duba nasu a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, kuma sashe na 70 ya ce a duba dukiya, da ƙarfin neman kuɗi, da halayyar kowane ɓangare. A nan albashin uwa yana shiga lissafi, ana iya rage wa uba wani abu, amma kotu ce za ta rage.

Maman Abba ta ajiye saƙon nasa a waya, ta haɗa da rasiɗan makaranta da na asibiti a cikin leda, ta ɗauko kwafin hukuncin daga ƙasan akwati. An ba su ranar zama.