Takardar Widal kaɗai ba ta isa a ce kana da taifod ba

Jama'a, akwai takardar da ta cika yawo a hannun mutane, ita ce ta gwajin Widal. Mutum ya kwana biyu jiki ba daɗi, sai ya zarce lab ba tare da ganin likita ba, a ɗebi jini, kafin ya huce gajiya an miƙo masa takarda mai harafin O da H da lambobi irin 1:80 ko 1:160. Daga nan sai kemis, a ce masa "taifod da maleriya ne", a ɗaure masa leda cike da ƙwayoyi.

Ina roƙon mu san abin da gwajin nan yake dubawa. Wani likitan Faransa, Georges-Fernand Widal, shi ya fito da shi a 1896, kuma tun asali ba ƙwayar cutar yake nema ba. Idan ƙwayar cutar taifod, wato Salmonella Typhi, ta shiga ciki ta ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata, garkuwar jiki tana gane ta da wasu alamomi da ke jikinta, waɗanda ma'aikatan lab ke kira antijin. O yana kan ɓawon ƙwayar, H yana kan 'yan wutsiyoyin da take iyo da su. Sai wasu fararen ƙwayoyin jini su ƙera antibodi, sinadaran da ke manne wa alamomin nan. Su Widal yake aunawa. Ita kuwa 1:160, wadda ake kira taita, tana nufin an tsarma ruwan jininka har ya zama kashi ɗaya cikin 160, amma antibodin da ke cikinsa ba su daina dunƙule matattun ƙwayoyin taifod ɗin da ake haɗa shi da su a lab ba.

To, antibodi sawu ne, kuma ganin sawun kura a ƙofar gida bai nuna tana ciki yanzu ba. Wanda ya yi taifod a baya, ko ya taso yana shan ruwan da ba a tace ba, zai iya nuna taita mai yawa alhali lafiyarsa ƙalau. Maleriya da dangin Salmonella ma sukan ɗaga lambar. Mai taifod na gaske kuma, a makon farko takardarsa na iya fitowa ba komai, don jiki bai gama ƙera antibodi ba. Ƙa'idar ita ce a ɗebi jini sau biyu, da tazarar kwana 10 zuwa 14, a ga lambar ta ninka huɗu. Wa kuka taɓa gani an yi masa haka?

Gwajin da ke kama ƙwayar da kanta shi ne kalca. Ana zuba jinin a kwalba mai abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye a wuri mai ɗumi 'yan kwanaki, in ta tsiro a gwada wane magani ke kashe ta. Ya fi tsada, ba kowane lab ke yi ba, kuma dole a ɗebi jinin kafin a fara shan magani. Duk da haka ku tambaya.

Abin da ke damuna shi ne mutumin da ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na ciprofloxacin zagaye uku a kan takarda ɗaya, alhali tarin fuka ne ke cin sa, ko ciwon hanta, ko zazzaɓin Lassa. Ga kuma ƙwayar tana sabawa da maganin. A lardin Sindh na Pakistan, tun 2016 aka ga taifod ɗin da ba ya jin tsofaffin magunguna, ba ya jin ciprofloxacin, har allurar ceftriaxone ta gaza.

In zazzaɓi ya zo, a fara da likita da gwajin maleriya. Taifod na gaske zafinsa yana hawa kullum, da ciwon kai da ciwon ciki, kuma in an bar shi yana iya huda hanji, galibi a mako na uku. Mai zazzaɓin da cikinsa ya ƙulle ya yi tauri, ko ya fara bahaya da jini, ko hankalinsa ya fara gushewa, a kai shi babban asibiti a take, ko da tsakar dare ne.