Fotokatalisis: Tsarkake Ruwan Ƙazanta da Haske

Fotokatalisis hanya ce ta lalata sinadarai masu cutarwa da ke saura cikin ruwan ƙazanta bayan an tace shi. Ana yin ta da haske da kuma wani sinadari mai zuga aikin, wanda shi kansa ba ya ƙarewa. Wanda aka fi amfani da shi shi ne TiO2, farar hodar titaniyam da ake sawa cikin fenti. A shekarar 1972 ne masana biyu 'yan Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka nuna cewa sinadarin yana raba ƙwayoyin ruwa idan haske ya sauka kansa.

Idan hasken UV, wani nau'in haske da ido ba ya gani, ya bugi hodar, sai elektron, ɗan ƙanƙanin ƙwayar lantarki da ke cikinta, ya zabura ya bar gurbinsa. Idan elektron ɗin da gurbin da ya bari suka haɗu da ruwa da iskar oksijin, sai a samu wani sinadari mai suna hidroksil, wanda ba ya daɗewa amma yana da ƙarfin farfasa ragowar magungunan asibiti, maganin ƙwari da rini, abubuwan da tatar da aka saba yi kan bari su wuce. In aikin ya kai ƙarshe, sai su koma ruwa, iskar kabon da ɗan gishiri. In kuwa aka tsaya rabin hanya, abin da ya rage yana iya cutarwa shi ma.

Matsalar ita ce TiO2 ba ya farkawa sai da UV, wanda bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Shi ya sa masu bincike ke gauraya shi da wasu sinadarai don ya ci moriyar hasken da ido ke gani. Cibiyar binciken hasken rana ta Almeriya a Sifaniya ta daɗe tana gwajin tsarkake ruwa ta wannan hanya.

A Yamai rana ba abin nema ba ce. Buƙatar ma a fili take: kwarin Gunti Yena yana kwasar ruwan ƙazantar unguwanni zuwa kogin Neja, masu lambu kuma suna ban-ruwan salati da kabeji da shi. Sai dai ruwa mai dauɗa da laka ba ya barin haske ya ratsa, ƙurar hunturu kuma tana rage ƙarfin ranar. Don haka fotokatalisis matakin ƙarshe ne: sai an kwantar da laka, an bar ƙwayoyin bakteriya sun cinye dattin, sannan a kai gare shi. Tsamo hodar daga ruwa ma aiki ne, abin da ya sa wasu ke manna ta jikin gilashi ko tayil, ko da yake hakan yana rage mata sauri.