Tallafin inganta makarantun karkara a jihar Maradi

Tallafin inganta makarantun karkara shi ne duk wata gudummawa ta kuɗi, kayan gini ko aikin hannu da masu hali, ƙungiyoyin agaji da mutanen gari suke bayarwa don gina ko gyara azuzuwa, makewayi, wurin ɗiban ruwa da kujerun zama a makarantun ƙauye. A jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, batun ya shafi gundumomin Dakoro, Bermo, Mayahi, Tasawa, Gazawa, Agye, Madarunfa da Gidan Rumji, inda yawan yaran da suka isa shiga lakkwal ya zarce ginin da gwamnati ke iya yi a shekara.

Azuzuwan zana

Inda ba a samu gini ba, rumfar kara ce aji. Ana kafa ta da dirkoki, a kewaye da zana ko karan dawa, kuma sai bayan girbi ake samun karan. Saboda haka, ko da an buɗe makarantu a watan Oktoba, ajin zana yakan kai Nuwamba ko ma Disamba bai tsaya ba, sannan ruwan farko na Mayu ko Yuni ya tashe shi. Yaron da ke CI, wato ajin farko na firamare, a irin wannan aji yana asarar makonni da yawa a farkon shekara da ƙarshenta.

Hatsarin da ya fi muni shi ne gobara. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kashe yara 20 a wata makaranta a Yamai. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 kuma ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar firamare a birnin Maradi, inda yara aƙalla 25 suka rasu, yawancinsu ƴan shekara 5 zuwa 6. Bayan nan gwamnati ta hana sanya ƙananan yaran da ba su kai firamare ba a ajin zana. A lokacin hukumomi sun ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan azuzuwa kimanin 36,000 a faɗin ƙasa.

Masu bayarwa

Akwai manyan hukumomi irin su UNICEF, da Hukumar Abinci ta Duniya, PAM, wadda ke ciyar da ɗalibai a wasu makarantu, da Bankin Duniya ta shirin LIRE. Tun daga 2019, shigowar ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina ta ƙara cunkoso a makarantun yankin Gidan Rumji, lamarin da ya jawo ƙarin ƙungiyoyi wurin. Sai kuma na gida: Alhazan Maradi ƴan kasuwa, ƴan asalin gari da ke cirani, da manoman da ke haɗa damin hatsi bayan kaka a sayar. Galibi da sunan sadaka mai gudana ko waƙafi ake bayarwa, domin mafi yawan malamai ba su halatta yin gini da kuɗin zakka ba.

Ta hannun kwamitin kula da makaranta ya kamata kuɗin su bi. An fara saninsa da COGES, daga baya aka koma kiransa CGDES, kuma shirin “Makaranta don kowa” da hukumar JICA ta Japan ta fara a Tawa a 2004 ya taimaka wajen yaɗa tsarin zaɓen membobinsa ta ƙuri’ar sirri. Tare da shi akwai ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata, AME.

Kafin a haƙa tushe

Abu biyu ne ake yawan tsallakewa, kuma su ne suke kashe aiki daga baya. Na farko malami. Aji ba ya zama aji sai hukumar ilimi ta turo wanda zai koyar a ciki, don haka sai an sami amincewar sufeton makarantu na yankin da ta hukumar kwamin tun kafin a sayi buhun siminti ɗaya. Na biyu fili. Sau da yawa dattijo ne ke ba da gefen gonarsa da baki, bayan rasuwarsa magada su ce aro ne, a wayi gari gero ya tsiro har bakin taga. Maganin wannan shi ne takardar kyautar fili daga kwamitin filaye na ƙauye, da sa hannun maigari da shaidu, a kuma kafa iyakoki da siminti a kusurwoyi huɗu.

Ginin aji

Ajin da aka saba ginawa yana da tsawon mita 9 da faɗin mita 7, wato murabba’in mita 63, na ɗalibai kimanin 50. Dogayen bangayen, masu tagogi, su fuskanci kudu da arewa, don kada ranar safe da ta yamma su shiga idon yara, kuma hadarin damina da ke tasowa daga gabas ya daki gajeren bango maimakon tagogi. A guji kwari da hanyar ruwa, musamman kusa da Gulbin Maradi da Gulbin Kaba, a kuma ɗaga daɓe kamar santimita 30 zuwa 40 sama da ƙasa.

Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayi 20 yana cin guda 12 da rabi a kowane murabba’in mita, don haka bangon aji ɗaya na buƙatar sama da 1,000. A nan ne ake yin ha’inci mafi yawa. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya fitar da bulo mai kaurin santimita 15 fiye da 30 zuwa 35 ba. Mai neman riba yakan buga 50. Ana gane irinsa da hannu: a goga gefensa da babban yatsa, yashi ya zubo. Ko da haɗin ya yi daidai, sai an yi ta ba bulon ruwa safe da yamma har kwana 7, a inuwa in da hali, domin zafin bazara da iskar hunturu suna busar da siminti kafin ya kama. Ƙarfinsa na sosai sai ya kwana 28. Wannan aikin ban-ruwa shi ne gayyar da ta fi amfani daga mutanen gari, tare da kawo yashi da tsakuwa a amalanke.

Kankaren ginshiƙai da na ɗaurin sama yana son buhu 7 a kowace mita mai cika (tsawo, faɗi da zurfi duk mita ɗaya), wato buhu ɗaya ga baro ɗaya na yashi da baro biyu na tsakuwa. Yashin ya zama na gulbi mai tsabta. Mai laka yana sa tsagewa.

Rufi ne ya fi lalacewa. Yawancin azuzuwan da aka daina amfani da su a karkara bangonsu na tsaye, kwanon ne iska ta yaye. Dalilin kusan kullum ɗaya ne: an ɗora ƙarafan rufi a kan bango ba a ɗaure su da rodin da aka binne cikin kankaren ɗaurin sama ba, ko an buga kwano da ƙusa maimakon ƙugiya mai noti. Idan iska ta shiga ta ƙarƙashin baranda sai ta ɗaga rufin gaba ɗaya kamar faifai. Katako kuma gara ke ci, shi ya sa ƙarfe ya fi, duk da tsadarsa. A ƙarƙashin kwano mara silin, zafin Afrilu da ya wuce digiri 40 yana hana yaro fahimtar komai bayan hantsi. Inda kuɗi bai kai silin ba, barin rata tsakanin bango da rufi yana fitar da zafi. Idan an sa silin, a toshe duk wata kafa da raga, in ba haka ba jemagu su mayar da shi gida, warin kashinsu ya kori aji.

Ginin laka da aka yi wa tushen siminti da rufi mai faɗin baki yana da sanyi da araha. Amma shafen siminti a kan laka yakan ɓamɓare idan ba a sa raga ko ƙusoshin da za su riƙe shi ba.

Ruwa da makewayi

Ƙa’idar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ita ce lita 5 ga kowane ɗalibi a rana, da makewayi ɗaya ga ƴan mata 25, ɗaya ga samari 50 tare da wurin fitsari. Ramin ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, ƙasansa kuma ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A ƙasar jigawa dole a gina cikin ramin da bulo, domin yashi na rufta wa. Bututun iska ya zarce rufi da rabin mita, da ragar ƙudaje a bakinsa. Ɓangaren mata ya zama daban, da ƙofa mai sakata daga ciki. Ƴan matan CM1 da CM2, azuzuwan ƙarshe na firamare, da suka fara al’ada kan iya ƙin zuwa makaranta a kan rashin wannan sakata, kuma kuɗinta bai kai na buhun siminti ba.

A arewa, wajen Dakoro da Bermo, ruwa na da zurfi, sai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Kafin a haƙa, a tabbatar akwai mai gyara a kusa da asusun sayen kayan gyara.

Biyan kuɗi da kulawa

Ana biyan ɗan kwangila kashi-kashi: bayan tushe, bayan ɗaurin sama, bayan rufi. A riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari har ginin ya ga damina ɗaya. Kwamiti ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a taron gari, jaka bayan jaka, domin inda aka ɓoye lissafi iyaye ba sa sake ba da ko dala.

Bencin da ke haɗe da tebur na mutum biyu ne, aji ɗaya na son 25. Mai ƙafar ƙarfe ya fi jurewa, kuma yawancin waɗanda ake jibgewa a bayan aji noti biyu ko uku kawai suka rasa. Duk watan Mayu, kafin hadarin farko, a hau rufi a ɗaure ƙugiyoyi, a cike zaizayar gindin bango da ƙasa, a sake wa allo baƙin fenti. Dogon yaro da ake dasawa don inuwa ya yi nesa da bango da kamar mita 5 saboda saiwarsa, kuma a kewaye kowane dashe da ƙaya har ya fi ƙarfin bakin akuya.