Ƙauyen Eyam: Tarihinsa da Yawan Mutanensa

Eyam ƙaramin ƙauye ne a gundumar Derbyshire ta ƙasar Ingila, a cikin tuddan Peak District, kudu maso yamma da birnin Sheffield. Ƙidayar shekarar 2001 ta nuna mutum 926 ne ke zaune a cikinsa, ta 2011 kuma 969. Sunansa ya fito a Domesday, kundin ƙididdigar filaye na shekarar 1086, kuma har yau akwai gicciyen dutse na wajen ƙarni na 8 a harabar cocin St Lawrence. Tun zamanin Rumawa aka fara haƙar dalma a yankin, ita ce ta riƙe mutanen ƙauyen ƙarni bayan ƙarni, tare da kiwon tumaki. Daga baya aka yi saƙar auduga da siliki da ɗinkin takalma.

Abin da ya fitar da sunan Eyam shi ne annobar 1665 zuwa 1666, ta cutar da ake kira bubonic plague da Turanci, wadda ƙuma ke yaɗawa. An aiko wa telan ƙauyen, Alexander Hadfield, ƙunshin yadi daga Landan, inda cutar ke ta kisa a lokacin. Mai taya shi aiki, George Viccars, ya tarar da yadin da danshi, ya shanya shi kusa da wuta. Ana jin ƙuma masu ɗauke da cutar suna cikin ƙunshin. Viccars ya rasu aka binne shi ranar 7 ga Satumba 1665, maƙwabta suka bi bayansa. Cutar takan fara da zazzaɓi mai zafi, sai kaluluwa ta fito a hammata ko matsematsi ko wuya, cikin 'yan kwanaki rai ya yi halinsa.

Da sanyin hunturu ta lafa, da zafi ya shigo a 1666 ta dawo da ƙarfi. Limamin cocin, William Mompesson, ya haɗa kai da tsohon limami Thomas Stanley, wanda aka tsige saboda saɓanin aƙida amma jama'a ba su daina jin maganarsa ba. Suka shawo kan mutane a kan abu uku: kowane gida ya binne mamacinsa da kansa kusa da gida, a rufe coci a koma ibada a fili, a kwarin Cucklett Delf, kowane iyali nesa da ɗan'uwansa, kuma ba shiga ba fita. Abinci kuwa basaraken Devonshire da ke Chatsworth da ƙauyukan kewaye ne ke kawowa su ajiye a bakin iyaka. A hanyar Stoney Middleton, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Eyam, akwai dutse mai ramuka shida, a nan ake zuba ruwan binega a jefa kuɗin biya a ciki, da nufin wanke su daga cutar.

Wannan killacewa ta yi wa ƙauyen tsada ƙwarai. A watan Agusta 1666 kaɗai sama da mutum 70 suka mutu, ciki har da Catherine, matar Mompesson. Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas, kaburburansu suna nan a gonar Riley. Mutuwar ƙarshe ta auku ranar 1 ga Nuwamba 1666.

Adadin mamatan ya kai kimanin 260 cikin wata 14. Inda gardama take shi ne yawan mutanen ƙauyen kafin annobar. Marubutan ƙarni na 19 sun ce 350 ne, 83 kawai suka tsira, wannan lissafin ne ya fi yawo a bakin mutane. Masu binciken da suka bi rajistar coci da takardun harajin murhu na lokacin sun kai adadin tsakanin 700 da 800. A kan wannan, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka mutu, kuma shi ya fi ƙarfin hujja, domin daga takardun zamanin aka ciro shi. Ko a hakan asarar ta zarce ta Landan idan aka auna da yawan jama'a.

Ƙauyen ya farfaɗo da wuri: iyalin Wright sun gina babban gidan Eyam Hall 'yan shekaru kaɗan bayan annobar. Yanzu haƙar dalma ta mutu, yawon buɗe ido ne ke kawo kuɗi. An buɗe gidan tarihi a 1994, kuma duk Lahadin ƙarshe ta watan Agusta ana taron addu'a a Cucklett Delf domin tunawa da mamatan.