Zaman Ɗaki Ɗaya a Bauchi: Tambayoyi da Amsoshi

A Yelwa da Gwallameji, da sauran unguwannin da ke kusa da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, gidajen haya masu ɗaki ɗaya da banɗaki a ciki, wani lokaci har da ɗan lungun girki, sun zama ruwan dare. Ba ɗalibai kaɗai ke zaune a cikinsu ba. Akwai ƙananan ma'aikata, da masu yi wa ƙasa hidima, da sababbin ma'auratan da ƙarfinsu bai kai na ciki da falo ba.

Me ya sa ɗaki ɗaya na haya yake ƙuntata wa mutum, alhali iyayenmu ma a ɗaki ɗaya suka zauna?

Saboda ɗakin da iyayenmu suka zauna a ciki ba shi kaɗai yake ɗauke da hidimar gida ba. A gidan gargajiya girki a madafi ake yin sa, wanki da shanya da daka a tsakar gida, baƙi maza a zaure suke tsayawa, hatsi yana rumbu, kuma da bazara barcin ma a waje ake yi. Kwana da ajiyar sutura su ne kusan duk aikin ɗaki. Ɗakin haya na yanzu kuwa an tara masa waɗannan ayyuka gaba ɗaya a cikin bango huɗu, an kuma cire tsakar gidan ko an mayar da ita ɗan siririn lungu da 'yan haya goma suke rabawa. Wanda ya fahimci haka zai san cewa abin da ya fi tsada a ɗakinsa shi ne filin ƙasan da ya rage babu komai a kai, domin a nan zai yi salla, a nan zai ci abinci, a nan kuma baƙonsa zai zauna.

Me ya kamata a duba kafin a biya kuɗin haya?

Da yake shekara guda ake biya gaba ɗaya, ga kuma la'adar dillali, kuskuren zaɓe na wata 12 ne. Ya fi kyau a je ganin ɗaki tsakanin azahar da la'asar maimakon da sanyin safiya, domin a lokacin ne ɗaki yake nuna halinsa. A duba ko tagogi biyu ne a bango daban-daban, tun da taga ɗaya ba ta ba iska hanyar wucewa. A duba ko akwai silin tsakanin kwano da kan mutum. A kuma lura da bangon da ke fuskantar yamma, wanda yake shan ranar yamma ya riƙe zafinta har bayan isha'i. Idan aka ga fenti ya kumbura ko ya yi fari-fari daga ƙasan bango, to ɗakin yana jan danshi da damina, kuma sabon fenti ba ya maganin hakan.

Sai batun ruwa da wuta. A tambayi maƙwabta, ba dillali kaɗai ba, ko ruwan famfo da ake turowa daga madatsar Gubi yana isowa layin, ko rijiyar gidan tana ƙafewa da bazara, ko kuwa 'yan garuwa ne madogara. A tambaya kuma ko ɗakin yana da mitarsa ta kati ko ta tarayya ce, domin mitar tarayya ta sha haɗa 'yan haya faɗa, musamman idan ɗaya yana da dutsen guga da abin dafa ruwa, ɗayan kuma ƙwan fitila da fanka kawai gare shi. A karɓi rasit, a kuma rubuta wanda gyaran famfo da kwashe masai yake kansa.

Wane irin kaya ne ɗakin zai iya ɗauka?

Nan lissafi ne yake magana. Ɗakin da aka fi samu shi ne mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, wato murabba'in ƙafa 144. Katifa mai ƙafa 6 da 6 tana cin 36, kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin ke nan tun kafin a sa mata katakon gado. Mai 6 da huɗu da rabi tana cin 27. Ta mutum ɗaya mai 6 da 3 kuwa 18 kawai. Babbar sif tana cin kimanin 12, cikakken jerin kujerun falo, wato mai zaman mutum uku da mai biyu da masu ɗai-ɗai guda biyu, yana haura 50, ga kuma gurbin da ƙofar shiga da ta banɗaki suke buƙata domin su buɗu. Wanda ya zuba babban gado da sif da kujerun nan duka zai tarar abin da ya rage masa bai wuce hanyar bi a kaikaice ba.

Saboda haka a auna ɗakin da tef kafin a je wurin kafinta, a ba shi awon a rubuce. A nemi gado mai tsayin ƙafafu wanda akwatuna za su shige ƙarƙashinsa, ko mai aljihunan tebur a gindinsa, a kuma mayar da ajiya jikin bango: kanta a sama da ƙofa, maratayin kaya a bayan ƙyaure, sif mai tsawo zuwa silin maimakon mai faɗi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ragayar da kakanninmu suke rataye ƙwarya a kanta, da tabarmar da ake naɗewa a jingine da zarar an tashi, dabarar ke nan. Ga wanda yake zaune shi kaɗai, katifa a ƙasa wadda za a jingine da bango da safe, da kafet da matasan jingina guda biyu ko uku, sun fi gado da kujera amfani nesa ba kusa ba.

To amarya fa, wadda iyayenta suka riga suka yi mata kayan ɗaki?

Wannan ita ce tambaya mafi wuya, domin ba ta tef ba ce kaɗai, ta mutunci ce. Iyaye sun daɗe suna tanadi, ranar jere kuma dangi za su zo su gani, kuma babu uwar da take son a ce an kai 'yarta da rabin kaya. Amma sau da yawa a kan ga an kai kujeru an ɗora wata a kan wata, ko an bar su a baranda rana da ruwa suna ci, wanda asara ce ga waɗanda suka sha wahalar saye. Maganin shi ne awon ɗakin ya isa gidan amarya tun kafin a ba kafinta aiki, kuma ba ango ne zai tunkari surukansa da wannan magana ba, yayarsa ko gwaggonsa ce za ta kai, ko amarya ta faɗa wa mahaifiyarta cikin ladabi: "Inna, ɗakin ƙafa 12 ne, in an yarda a kai gado da sif da kujera ɗaya, sauran su zauna a wurinki har Allah Ya hore mana wuri." Kwanuka da tangaran ma haka: a kai na amfanin yau da kullum, na ado su jira. A ganina ma gara kuɗin kujerun da ba za su shiga ba ya koma ƙaramin firji ko fanka mai caji, waɗanda amarya za ta mora tun daga makon farko.

Yaya za a yi da zafin bazara?

Daga Maris zuwa Mayu zafin Bauchi yakan kusanci digiri 40 da rana, wutar kamfanin rarraba lantarki na Jos (JED) kuma ba abin dogaro ba ce a kowane lokaci. A rufe tagar da rana take bugawa da labule mai kauri tun da hantsi, a buɗe komai bayan magariba domin iska ta ratsa, wanda hakan yana nufin dole tagogi su kasance da ragar sauro mai kyau. Fanka mai caji ko mai aiki da hasken rana ta zama kayan larura. Firji yana fitar da zafi ta bayansa, don haka kada a matse shi a jikin bango ko a ajiye shi dab da gado. Ƙaramar randa a lungu tana ba da ruwan sanyi ba tare da jiran wuta ba.

Ana iya girki a cikin ɗakin?

Da gas ko risho ana iyawa idan taga tana buɗe, amma da gawayi sam bai kamata ba. Gawayin da ke ci a rufaffen wuri yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri da nauyin jiki, kuma tana iya kashe mai barci bai farka ba. Haɗarin ya fi yawa da hunturu, a Disamba da Janairu, lokacin da ake shigo da kaskon garwashi domin jin ɗumi a kuma toshe kowace kafa saboda ƙura. Hayaƙin janareto ma irin wannan gubar yake ɗauke da ita, saboda haka ba a tayar da shi a baranda ko a gindin taga. Gas kuwa ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, daidai inda mai katifar ƙasa yake ajiye kansa. A rufe kan tukunyar bayan kowane girki, a riƙa gwada mahaɗar tiyo da ruwan kumfar sabulu, idan kuma aka ji warinsa a buɗe ƙofa da tagogi ba tare da an taɓa makunnin wuta ba. Suyar kifi ko daddawa mai yawa gara a yi ta a waje, domin labule da katifa da kayan sawa duk suna riƙe wari.

Ina za a sauki baƙo, ina kuma za a yi salla?

Alƙiblar Bauchi gabas ce mai karkata zuwa arewa, kuma ya kamata a gano ta tun kafin a kafa gado, domin a bar gurbin darduma a inda ƙofa ba za ta bugi mai sujada ba. Labule daga silin zuwa ƙasa da zai raba gado da wurin zama yana suturta makwanci idan mata baƙi suka shigo. Abokan maigida kuwa tabarma ko benci a ƙofar gida ya wadatar, kamar yadda aka saba.

Me ke kawo wari daga banɗakin cikin ɗaki ko da an wanke shi?

Galibi daga bututu yake fitowa. A ƙarƙashin masai na zamani da wurin wanke hannu akwai lanƙwasar da take riƙe ɗan ruwa, wannan ruwan ne yake tare iskar ramin masai daga dawowa. Idan aka yi tafiya aka daɗe, ko ruwa ya yi ƙaranci, sai ya ƙafe wari ya taso, kuma zuba ruwan buta ɗaya a kowace magudana yana mayar da ruwan lanƙwasar. Idan kuwa magini bai sa lanƙwasar a magudanar wanka ba, a rufe bakinta da murfin roba duk lokacin da ba a amfani da ita, wanda hakan yana tare kyankyasai ma, sannan a nemi mai gidan ya kira mai gyaran famfo.